Kafin sayen motar lantarki 'yar Kwatano, a fara tambayar lafiyar batirinta

Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya sanar da janye tallafin man fetur, lissafin duk mai abin hawa ya sauya. Litar da ake saya ƙasa da Naira 200 ta haura Naira 1,000 kafin ƙarshen 2024.

A Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa, inda zuwa babban asibiti ko sakatariyar jiha ko kasuwar Kwari ke nufin doguwar tafiya zuwa cikin Kano, wannan tsada ta fi ciwo. Don haka ba abin mamaki ba ne idan malamin makaranta ko ɗan kasuwar hatsi ya tsaya yana kallon tallan motar lantarki ta hannu a wayarsa, yana raya cewa ya samu hanyar rabuwa da gidan mai.

Ita ma gwamnati tana ƙarfafa wannan tunani. A Nuwamban 2020 aka ƙaddamar da Hyundai Kona mai lantarki da kamfanin Stallion ya harhaɗa a Legas. A 2021 hukumar bunƙasa ƙera motoci ta ƙasa, NADDC, ta buɗe tashar caji mai aiki da hasken rana a Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato. A Oktoban 2024 kuma aka cire harajin VAT a kan motocin lantarki.

Sai dai sabuwar motar lantarki ta fi ƙarfin aljihun yawancin mutane. Abin da zai iso yankin nan shi ne ta hannu, wadda wani ya more ta a Amurka ko Turai ko China. A irin wannan ciniki kuwa, abin da mai saye ke biyan kuɗi a kansa shi ne batir. Idan batirin ya gaji, kyan jiki da sanyin kujeru ba za su kai kowa Tudun Wada ba.

Yadda batir ke tsufa

Duk mai riƙe da waya ya san labarin. Wayar da ke kwana biyu da caji tana sabuwa, bayan shekara biyu sai ta riƙa neman caja kafin La'asar. Batirin motar lantarki ɗan gidan su na waya ne, na litiyam, illa dai shi tarin ɗaruruwa ko dubban ƙananan batura ne da aka haɗa wuri guda a ƙarƙashin mota.

Ana auna girmansa da kWh, wato daidai da yunit ɗin da ake sakawa a mitar wuta ta gida. Batir mai kWh 40 yana ɗaukar yunit 40 yana sabo. Kowace shekara abin da yake iya ɗauka yana raguwa, ko ana hawan motar ko tana ajiye.

Kamfanin Geotab na Kanada, mai bibiyar bayanan motocin kamfanoni, ya nazarci motocin lantarki sama da 6,000 a 2019, ya gano cewa a matsakaici batir na rasa kashi 2.3 cikin 100 na ƙarfinsa a shekara. Da ya sake nazarin a 2024, adadin ya sauko zuwa kashi 1.8. Wannan labari ne mai daɗi, amma matsakaici ne na motocin da akasarinsu ke yawo a ƙasashe masu sanyi.

Abubuwa uku ne ke gaggauta tsufan batir: zafi, da yawan cajin gaggawa, da barinsa cike maƙil ko babu komai na tsawon lokaci. Babbansu shi ne zafi. Batirin litiyam ya fi jin daɗin yanayin da bai wuce maki 20 zuwa 25 a ma'aunin Selsiyos ba. A Kano kuwa, daga Maris zuwa Mayu, zafi na kaiwa maki 40, kuma kwaltar da motar ke tsaye a kai ta fi haka zafi.

Saboda haka tambayar farko ga mai saye a wannan yanki ita ce: me ke sanyaya batirin motar? Wasu motocin suna da ruwan sanyi da ke zagaya batir, kamar yadda lagireto ke yi wa inji. Wasu kuwa babu komai sai iskar da ta kaɗa. A nazarin Geotab na 2019, Tesla Model S ƙirar 2015 mai sanyaya batir da ruwa tana rasa kashi 2.3 a shekara, ita kuwa Nissan Leaf ta shekara ɗaya da ita, mai dogaro da iska, tana rasa kashi 4.2.

Suna ɗaya, batura daban-daban

Nissan Leaf ta cancanci a tsaya a kanta, domin tana cikin mafi araha a kasuwar motocin lantarki na hannu a duniya, kuma araha ita ce ke jan dillalai. An fara sayar da ita a Disamban 2010, kuma tun ƙirar 2011 har zuwa ta 2024 batirinta ba shi da ruwan sanyi.

Ƙirar 2011 zuwa 2015 batirinsu kWh 24 ne. A gwajin hukumar kare muhalli ta Amurka, ta 2011 tana yin kilomita 117 da cikakken caji tana sabuwa, ta 2015 kuma kilomita 135. A 2012 masu Leaf a jihar Arizona, inda ake zafi irin na Arewacin Najeriya, suka fara kokawa cewa baturansu na lalacewa cikin shekara ɗaya zuwa biyu. Magana ta kai kotu, Nissan ya fito da garantin ƙarfin batir na shekara 5, sannan ya sauya haɗin batirin a ƙirar 2015 don ya fi jure zafi.

A ƙirar 2016 da 2017 aka samu batir mai kWh 30 da ke yin kilomita 172. Shi ma ya zo da nasa ƙorafin, domin masu motar sun ga lafiyarsa na sauka da sauri, har sai da kamfanin ya fito da gyaran manhaja a 2018, yana cewa kwamfutar batirin ce ke kuskuren lissafi. Mai sayen wannan ƙira yana buƙatar sanin ko an yi mata wannan gyara.

Daga 2018 aka koma kWh 40 mai yin kusan kilomita 240, a 2019 kuma aka ƙara da mai kWh 62 da ke yin kusan kilomita 360. Sun fi na baya nisan zango, amma har yanzu iska ce ke sanyaya su, kuma idan aka yi musu cajin gaggawa a jere, batirin kan yi zafi har motar ta rage saurin karɓar wuta.

Ke nan kalmar "Leaf ce" ba ta gaya wa mai saye komai ba. Tsakanin ta 2013 da ta 2019 akwai tazarar da ta kai ta babur da mota.

A allon gaban direban Leaf akwai ƙananan layuka 12 da ke nuna lafiyar batir, daban da masu nuna yawan caji. Layin farko yana ɓacewa ne bayan batir ya rasa kusan kashi 15 cikin 100, kowane na bayansa kuma kusan kashi 6. Motar da ke nuna layi 8 tana riƙe da kashi 60 zuwa 66 ne kawai na ƙarfinta na asali. Idan ƙirar 2015 ce, tafiyarta ta dawo kilomita 80 zuwa 90, kafin a kunna AC, kafin a ɗauki iyali da buhun masara.

A ɗora wannan lissafi a kan hanya. Daga Kano zuwa Tudun Wada ta Kwanar Ɗangora ya haura kilomita 100. Dajin Falgore yana kusan kilomita 150 daga birni, Riruwai kuma tana gaba da nan. Motar mai layi 8 ba za ta kai Tudun Wada ba, balle ta hau tuddan Doguwa. Wanda mai ya ƙare masa yana iya aika ɗan acaɓa da galan. Wanda caji ya ƙare masa sai motar ja, kuma babu mai fatan hakan ta same shi da magariba a dajin da ya yi ƙaurin suna wajen fashi da satar shanu a shekarun baya.

Tsohuwar mota mai sabon batir

Shekarar ƙira na iya ruɗar mutum ta ɗayan gefen ma. Chevrolet Bolt ƙirar 2017 zuwa 2019 tana da batir mai kWh 60 da ruwa ke sanyayawa, tana yin kusan kilomita 380. Amma an samu aibu a ƙirar baturan da kamfanin LG ya yi mata, wasu suka kama da wuta, har a Agustan 2021 kamfanin General Motors ya faɗaɗa kiran dawo da motar ya haɗa da duk ƙirar 2017 zuwa 2022. An sauya wa da yawa daga cikin na farkon batir kyauta.

Haka ta faru da Hyundai Kona mai lantarki. A Fabrairun 2021 Hyundai ya sanar da sauya baturan dubban motocin da aka ƙera tsakanin 2018 da 2020, saboda haɗarin gobara.

Abin lura shi ne Bolt ta 2017 da aka sauya wa batir a 2022 tana iya fin wata motar ta 2020 lafiya. Wadda ba a kai ta gyaran ba kuwa haɗari ce a ajiye ta cikin gida kusa da ɗakin yara. Lambar shasi, wadda ake kira VIN, ita ce ke raba gardama. Idan motar daga Amurka take, shafin hukumar kiyaye haɗurran hanya ta ƙasar, NHTSA, yana nuna kyauta ko akwai kiran gyara da ba a amsa ba.

Akwai kuma sabon nau'in batir da ake kira LFP, wanda masu sola suka riga suka sani, domin shi ne a cikin yawancin baturan litiyam na inbata. Kamfanin BYD na China ya fito da nasa mai suna Blade a 2020, Tesla ma ya sa irinsa a wasu Model 3 masu gajeren zango daga wannan lokaci. LFP ya fi nauyi, amma ya fi jure yawan caji, kuma bai kai sauran saurin kamawa da wuta ba. Ga ƙasa mai zafi, motar da ta haɗa LFP da ruwan sanyi ta fi dacewa, duk da cewa kuɗinta ya fi yawa.

Ina za a samu wutar?

A takarda, ribar a fili take. Ƙaramar motar lantarki na cin kusan yunit 18 a kilomita 100. A farashin Naira 225 da aka sanar wa 'yan rukunin Band A a Afrilun 2024, wannan kusan Naira 4,000 ne. Corolla mai shan lita 8 a irin wannan tafiya, idan lita na Naira 1,000, ta ci Naira 8,000.

Amma Band A na nufin wutar awa 20 a rana. Rukunin D awa 8 aka yi masa alƙawari, rukunin E kuma awa 4. Soket ɗin gida na ba da kusan yunit 2 a awa guda, don haka batir mai kWh 24 na buƙatar kusan awa 12, mai kWh 40 kuma kusan awa 20. Duk magidanci a Gwarmai ko Kafin Maiyaki ko Daɗin Kowa ya san awa nawa KEDCO ke ba shi, kuma da wannan adadin ya kamata ya yi lissafi. Ba a kuma manta da Oktoban 2024 ba, lokacin da yawancin Arewa ta shafe sama da mako guda cikin duhu bayan lalacewar manyan layukan wuta.

Wanda ya ce zai yi caji da janareto ya yi gudun gara ya faɗa gidan zago. Ƙaramin janareton fetur da ƙyar yake fitar da yunit 2 daga lita guda, wato yunit 18 zai ci lita 9 ko fiye, ya zarce abin da Corolla ke sha.

Sola ce mafita ta gaskiya a yankin. Faranti 10 masu wat 500 kowanne na iya samar da yunit 20 zuwa 25 a rana mai haske. Sai dai da rana suke aiki, lokacin da motar take wurin aiki, kuma kuɗinsu da na inbata dole ya shiga cikin farashin motar tun kafin a yi ciniki.

Bakin caji ma ba iri ɗaya ba ne. Tsofaffin Leaf na amfani da CHAdeMO wajen cajin gaggawa, da yawa daga motocin Amurka da na Turai kowanne da irin nasa CCS, na China kuma GB/T. Wayar cajin da ke zuwa da tsofaffin Leaf na Amurka ta bolt 120 ce, alhali wutar Najeriya 230 ce. Cusa ta a soket kai tsaye na iya ƙona ta.

Abin da mai saye zai nema

Cinikin biri a sama shi ne sayen motar lantarki ta hoto da bidiyo. Dole a ga motar, a kuma ga adadin lafiyar batirinta da lamba. Akwai ƙaramar na'urar OBD2 da makanikai ke sokawa a ƙasan sitiyari, wadda idan aka haɗa ta da manhajar waya irin LeafSpy za ta nuna kashin lafiyar batir, da yawan cajin gaggawar da aka yi masa, da ko akwai ɓangaren da ya fi sauran rauni.

Ko wannan bai wadatar shi kaɗai ba, domin ana iya goge ƙwaƙwalwar kwamfutar batir ta nuna layi 12 na wasu makonni kafin gaskiya ta dawo. Adadin kilomitan da allon mota ke cewa sun rage shi ma hasashe ne. Gwajin da ba ya ƙarya shi ne hanya. A cika batir, a kunna AC, a yi tafiyar kilomita 50 a kan titin Kano zuwa Zariya. Idan caji ya sauka da kashi 60, to cikakken zangon motar kusan kilomita 83 ne, ko me dillali ya faɗa. Dillalin da ya ƙi yarda da wannan gwaji ya riga ya ba da amsa.

A leƙa ƙarƙashin motar, domin a nan batir yake. Motocin Amurka da yawa da ke shigowa Najeriya daga gwanjon motocin haɗari aka sayo su. Lotsewar da ba komai ba ce a jikin Camry tana iya zama babban aibu a kwanon batir. Wadda ambaliya ta shanye ta fi haɗari: bayan guguwar Ian a 2022, motocin lantarki da ruwan gishiri ya shiga sun riƙa kamawa da wuta a Florida kwanaki bayan ruwan ya janye.

A kuma duba doka. Kwastam ba ta amince da shigo da motar da ta wuce shekara 12 da ƙerawa ba, don haka ƙirar 2011 da 2012 sun riga sun fita. Leaf masu araha da ke fitowa daga Japan ko Ingila sitiyarinsu a dama yake, wanda dokar hanya ta Najeriya ta haramta. Garantin batir na shekara 8 ko kilomita 160,000 da kamfanoni ke bayarwa kuwa, galibi ba ya biyo motar da aka shigo da ita ta hannun 'yan kasuwa.

Wannan ba ya nufin motar lantarki ba ta da wuri a Kudancin Kano. Ma'aikacin da tafiyarsa ta yini ba ta wuce daga Bebeji zuwa Tiga ko daga Kiru zuwa Kwanar Ɗangora ba, yana da sola da inuwar ajiye mota, zai iya more Leaf mai lafiyar kashi 80 na shekaru, musamman idan ya riƙa tsayar da caji a kashi 80 a lokacin bazara. Wanda ke zirga-zirga tsakanin Kano da Riruwai kuwa yana buƙatar batir mai kWh 60 zuwa sama, mai ruwan sanyi, ko kuma ya haƙura da mota mai haɗin fetur da batir kafin abubuwa su kankama.

Nauyin da ke kan hukumomi

Bai kamata a bar mai saye shi kaɗai da dillali ba. Ƙayyade shekarun mota ya yi ma'ana ga injin fetur, amma ga motar lantarki bai isa ba, tunda mota mai shekara 6 na iya zuwa da batirin da ya gama aiki. Ya dace NADDC da hukumar kula da ingancin kaya ta SON da Kwastam su wajabta takardar shaidar lafiyar batir a tashar jiragen ruwa, su kuma sanya mafi ƙarancin kashin da za a yarda ya shigo. Tarayyar Turai ta riga ta yi dokar da za ta wajabta wa baturan motoci takardar tarihi ta intanet daga Fabrairun 2027. Idan ƙasashen da ke ƙera motocin suna tsaurara bincike, waɗanda suka faɗi jarrabawa za su nemi kasuwar da ba a tambaya, kuma Najeriya ta sha zama irin wannan kasuwa a tsofaffin firiji da talabijin.

Hukumar kare haƙƙin masu saye ta Jihar Kano na iya farawa tun yanzu, ta sa duk mai sayar da motar lantarki ta hannu ya rubuta kashin lafiyar batir a takardar ciniki, domin a samu abin riƙewa idan rigima ta taso.

Sai maganar masu gyara. Kasuwar Ƙofar Ruwa tana da kusan kowane ƙarfe na Toyota da Honda, amma batirin mota mai nauyin kusan kilo 300 da ƙarfin bolt 350 zuwa 400 wani fanni ne dabam. Wayoyinsa masu launin ruwan lemo na iya kashe mai gyaran da ya taɓa su da ilimin batirin bolt 12. Kwalejin Fasaha ta Gwamnati da ke Bagauda, a cikin Bebeji, da Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote da ke Wudil, wurare ne da ya dace a fara horar da matasa wannan sana'a kafin motocin su yawaita. Hukumar kare muhalli ta NESREA kuma tana da aikin tabbatar da cewa matattun batura ba su ƙare a juji ko bakin rafin da ke gangarawa madatsar Tiga ba.

Wurin caji ma yana buƙatar tsari. Kwanar Ɗangora, inda hanyar Zariya ta rabu da ta Tudun Wada da Jos, ita ce mahaɗar ƙananan hukumomin huɗu. Tashar caji ta sola a nan, da wata a garin Tudun Wada kafin a shiga Falgore, za su sauya lissafin yankin baki ɗaya. Yankin da madatsar Tiga ke zaune a cikinsa tun 1974, tana shayar da gonakin wasu, ya cancanci a tuna da shi a duk wani shirin sufurin lantarki na jiha.

Kafin a kai can, kariyar mai saye tana hannunsa. Hausawa sun ce araha ba ta ado. Duk wanda ya tara kuɗin shinkafar rani ko na giratuti zai sayi motar lantarki, ya nemi sanin girman batirin, da abin da ke sanyaya shi, da kashin da ya rage masa, sannan ya gwada ta a kan hanya. Idan amsa ɗaya ta gagara, gara ya riƙe kuɗinsa.